Akea: yadda na samu ruwan sha a Tarawa

Kafin in iya gaisuwa da harshen mutanen Kiribati, na iya kalmar "akea". Ma'anarta babu. Na ji ta a kanti ranar da na je neman albasa, na ji ta a ofis da na tambayi makullin ɗakin ajiya, na kuma ji ta daga bakin wani yaro da ya tarar da ni ina murɗa kan famfon gidana a safiyata ta biyu a tsibirin. Ya tsaya yana kallona kamar mai kallon wanda ke tatsar bijimi, ya ce, "Akea te ran." Babu ruwa.

A watan Janairun 2023 na sauka Tarawa, babban birnin ƙasar Kiribati da ke tsakiyar tekun Pasifik, da kwantiragin shekara biyu na koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. Takardun ba su ba ni wahala sosai ba: gwajin lafiya, takardar shaidar 'yan sanda, sai izinin aiki da masu ɗaukata suka nema mini. Hanyar ce ta gwada ni. Daga Abuja zuwa Doha, daga Doha zuwa Singafo, daga can zuwa Nadi ta ƙasar Fiji, wadda ake faɗa Nandi. Na kauce wa Ostireliya ne don mai fasfon Najeriya sai da biza ko da wucewa kawai zai yi. A Nadi na kwana biyu ina jira, domin a lokacin sau biyu a mako jirgi ke tashi zuwa Tarawa, tafiyar wajen awa uku a kan ruwa tsagwaronsa. Da muka fara sauka na leƙa ta taga ina neman ƙasa, sai na hango wani siririn abu kamar igiyar shanya da aka yar a tsakiyar teku. Na ce wa na kusa da ni, ina tsibirin? Ya nuna mini igiyar.

Haka Tarawa ta Kudu take. Jerin 'yan tsibirai ne na yashi da murjani da aka haɗa da hanyoyin da aka cike, titi ɗaya tal ya ratsa su, kusan kilomita talatin daga Betio zuwa filin jirgin sama na Bonriki. A wurare da yawa in ka tsaya a titin, ka waiga dama ka ga babban teku, ka waiga hagu ka ga tafkin da tsibiran suka kewaye. A ƙauyen Eita akwai allo da ke nuna wuri mafi tsayi, mita uku sama da teku. Ni da na tashi ina hawa Dala ranar sallah, sai da na ɗauki hoton allon na aika gida. Kuma sunan ƙasar Kiribas ake faɗa, don a rubutunsu "ti" tana ba da sautin "s". Shi ya sa Betio ta zama Beso a baki, sallamarsu ta rabuwa kuma, tiabo, ta zama "sabo". Makonnin farko duk wanda ya ce mini sabo sai in ji kamar ƙanena yake kira.

Gidan da aka ba ni a Bikenibeu yake, ɗaki biyu da falo, rufin kwano, da baƙin tankin roba mai cin lita dubu biyar a gefe. Da na ga tankin hankalina ya kwanta. Sai da yaron nan ya tafi na je na ƙwanƙwasa shi, ya amsa mini kamar ganga. Na ɗaga kai na ga indararon da ya kamata ya tattaro ruwan rufin ya zuba a ciki ya ruɓe da tsatsa, rabinsa na lilo, bututun da ke saukowa kuma babu shi gaba ɗaya.

Wanda bai zauna irin wannan wuri ba zai yi mamakin a ce ana ƙishi a tsakiyar teku. Babu kogi a Tarawa, babu ƙorama, babu dutsen da ruwa zai ɓuɓɓugo. Abin da ake da shi, ruwan saman da ya nutse cikin yashi ne ya taru a ƙarƙashin ƙasa, yana yawo a kan ruwan gishiri kamar yadda mai ke yawo a kan miya, saboda ya fi shi rashin nauyi. In aka daɗe ba a yi ruwa ba, ko aka ja shi fiye da kima, sai ya yi siriri, gishirin ya taso. Daga irin wannan taskar da ke Bonriki da Buota ake turo ruwan famfo, kuma mutum sama da dubu sittin ne, fiye da rabin al'ummar ƙasar, ke zaune a wannan 'yar igiya. A unguwarmu famfo kan zo kwana biyu sau ɗaya, na 'yan sa'o'i, wani lokaci da tsakar dare, yana tsiyaya kamar hawaye. Ga shi na zo a ƙarshen fari. Yanayin da ake kira La Niña, wanda iska ke kora ɗumin teku da gajimarensa zuwa yamma ya bar su Tarawa a bushe, ya yi shekara uku a jere tun 2020, har gwamnati ta ayyana dokar bala'i a watan Yunin 2022.

Na fara da abin da ma'aikaci ya sani, wato takarda. Na rubuta ƙorafi, aka ba ni fom na cike, aka sa hannu, aka buga hatimi. Matar ofishin ta yi mini fara'a ƙwarai, ta ce an amince, sai dai kayan suna jirgi. Na ce wane jirgi? Ta ce jirgin ruwa. Na ce yaushe zai zo? Ta yi dariya, ba ta raini ba, irin dariyar da ake yi wa yaro in ya tambayi ranar da zai girma.

Sai na ce to, kuɗina zai yi mini. Ranar Asabar na hau ƙaramar bas zuwa Betio, inda tashar jiragen ruwa da manyan kantuna suke. Basukan nan kiɗa suke saki har ƙirjinka na amsawa, kwandastar kuma yawanci mace ce, kuɗin dalar Ostireliya ce don ita ake kashewa a ƙasar. Muka bi ta Bairiki, muka haye doguwar hanyar da Japanawa suka gina a 1987, ruwa dama ruwa hagu. A bakin tekun Betio har yanzu manyan bindigogin Japan na yaƙin duniya na biyu suna nan sun yi tsatsa, tun faɗan watan Nuwamban 1943 da sojojin Amurka, yara na wasa a kansu, an shanya wanki a kusa. Kanti huɗu na shiga. Indararo, akea. Gwiwar bututu, akea. Gam ɗin bututu akwai, amma na buɗe na tarar ya daskare. Na dawo da katan biyu na ruwan roba da garin fulawa, na kashe wuni guda.

A Kano in famfo ya ɗauke, leƙawa kake yi ka kira ɗan ga-ruwa, ya turo kurarsa, ka biya, magana ta ƙare. A Bikenibeu ban ga mai kura ko ɗaya ba. Ruwan roba na sha har albashina ya fara kuka, sannan shi ma ya yanke a kantunan kusa, yana jirgi. Akwai rijiya a bayan gidan da nake, ba ta kai gaba biyu ba, ruwanta zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a ciki. Ga aladu da ake ɗaure wa ƙafa a gindin kwakwa ba nisa da ita, ga masai na maƙwabta. Na tafasa na sha duk da haka, na yi kwana uku ina zarya. Alwala kuwa na koma yi a ɓangaren babban teku, na tuna karatun islamiyya cewa ruwan teku mai tsarki ne, abin da ban taɓa zaton zai yi mini amfani ba. Ɓangaren tafkin ba na zuwa, don a unguwannin da suka cika da jama'a bakin ruwan ne makewayin masu yawa. Af, da batun alƙibla. Mu da a bakinmu "duba gabas" ke nufin salla, a Tarawa yamma ake dubawa, a ɗan karkata arewa. Na yi wata guda jikina na gardama da na'urar wayata.

Duk wannan lokacin ina da matsala da maƙwabtana, ban ma san ina da ita ba. Gidan da ke jikin nawa na wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin jiragen ruwan Jamus, kamar yadda maza da yawa na ƙasar suka yi bayan horo a makarantar koyon aikin jirgi ta Betio. Gida ne mai mutum kusan ashirin, da rumfunan kwana masu ƙafafu, da tankuna biyu. Tun makon farko yaransa suka fara zuwa. A zauna a bakin ƙofata, a yi shiru, can sai a ce, "I bubutiko," wato ina roƙonka, a ambaci abu. Filaya ta tafi. Tocila ta tafi. Filayar ta dawo bayan kwana goma, tocilar kuwa na ganta a hannun wani can daban yana kamun kifi da dare. Ranar da babban ɗansa ya zo neman keken da na saya, na ce masa zan fita. Ban fita ba, kuma ya ga ban fita ba. Daga ranar gaisuwa ta ragu. Ba wanda ya ɓata mini rai, sai dai yaran da ke bina suna kiran "I-Matang", wato Bature, duk da baƙina, suka daina.

Wata malama da muke ɗakin malamai ɗaya, wadda ta kusa haifata, ita ta warware mini. Ta ga leɓena ya bushe ina ta juya kofin shayi, ta tambaye ni ina nake samun ruwa. Na zayyana mata fom da jirgi da Betio. Ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Maƙwabcinka fa? Tanki biyu gare shi." Na ce ai na ga su da yawa, kuma ni baƙo ne mai albashi, ina ni ina roƙon ruwa a wurin mai iyali ashirin. Ta ce, "Kai kake ganin kana tausaya musu. Su abin da suke gani, mutum ne da ya zo ya zauna a jikinsu, ba ya son ya buƙace su, don kada su buƙace shi." Ta ce bubuti roƙo ne da ba a ƙin sa sai da babban dalili, kuma wanda ya yi maka shi ya buɗe maka ƙofar gidansa ne, yau ko shekara mai zuwa. Ta ce an jima ana maganata a gidan, ana mamakin me nake sha.

Abin ya tsaya mini a rai. A gida ma ai muna aika yaro maƙwabta ya karɓo gishiri ko garwashi, amma namiji babba ya je da bakinsa ya ce a ba shi, wannan mun ajiye shi ga maroƙa da mabarata. An rene mu a kan cewa gara ka kwana da yunwa a rufe. Kuma ba zan ce al'adar tasu ba ta da ciwo ba. Na ga malaman da albashinsu ke ƙarewa kwana uku da biya saboda dangi daga tsibiran waje sun cika gida, na ga mai ƙaramin kanti da bubuti ya cinye masa jari. Su kansu suna ƙorafi a kai. Amma ni a ranar ba nazarin al'ada ne gabana ba, jarkata ce babu komai.

Malamar ta koya mini yadda zan yi. Kada in tsaya a kansa yana zaune. Kada in miƙe ƙafa ta nuna mutane. Kada in fara da buƙata. A al'adance taba ake kai wa dattawa in an je wurinsu, ni dai na ɗauki sukari da ganyen shayi. Da yamma na je, lokacin da samari ke kan kwakwa suna yankan karewe, ruwan da ke ɗiga daga furen kwakwa, mai zaƙi in sabo ne, in ya kwana biyu kuma ya zama ɗan'uwan bammi. Waƙa suke yi a saman bishiyar, kowa da tasa. Dattijon na zaune a kan rumfarsa yana gyaran koma. A can yara ma da suna suke kiran iyayensu, ni kuwa bakina ya ƙi, sai na riƙa ce masa unimwane, kalmarsu ta dattijo. Na sunkuya na shiga, na tanƙwashe ƙafa, muka yi hirar Hambug da sanyinta, da yadda ya taɓa tsayawa a Legas jirginsu na jiran sauke kaya. Sai da hira ta lafa na haɗiye yawu na ce, "Unimwane, taiaoka, I bubutiko te ran." Wato don Allah, ina roƙonka ruwa.

Bai ce komai ba. Ya ɗaga girarsa sama, ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Na zauna zufa na keto mini, na ce shi ke nan, ramuwar keke ce. Na yi sallama na koma gida ina jin kunyar da ban taɓa ji ba. Ko zama ban yi ba sai ga 'yan mata biyu da bokiti a hannu, ruwan sama garau. Washegari malamar ta yi dariya har da riƙe ciki: ɗaga gira a wurinsu shi ne "e".

Bokiti biyu kullum suka riƙa kawowa, na sha da girki, kuma na san daga bakin wasu aka rage. Ranar Asabar da ta biyo baya dattijon da kansa ya zagayo da samari uku, ya kewaya tankina yana bubbuga shi da bayan wuƙa. Ashe ba indararo kaɗai ba ne, akwai tsaga a gindi wajen kan famfon, tsawon ɗan yatsa. Da kayan jirgin sun zo ma, da ruwan ya zurare cikin yashi ina barci. Suka kwantar da tankin, muka wanke cikinsa da ruwan rijiya da tsintsiyar kwakwa, muka fitar da laka da ganye da ƙasusuwan wani abu da ban so in san ko mene ne ba. Ɗaya ya hura wuta da ɓawon kwakwa ya sa guntun ƙarfe a ciki, ya yanko baƙar roba daga wata fasasshiyar jarka, ya riƙa narka ta yana shafe tsagar ciki da waje, a hankali kamar mai yi wa ƙwarya ɗinki. Indararo kuwa, wani tsohon fallen kwano suka jawo daga bayan ɗakin girkinsu, suka raba shi a tsaye, suka lanƙwasa a jikin kututturen kwakwa da duka. Maimakon ƙusa, wadda iskar gishiri ke cinyewa cikin 'yan watanni, suka ɗaure shi da te kora, igiyar da mata ke murzawa a cinya daga zaren ɓawon kwakwa. Da ita ake ɗaure manyan rumfunan taronsu, maneaba, tun kafin zuwan ƙusa. Bututun saukowa guntaye biyu ne masu faɗi daban, aka gasa bakin ɗaya ya yi laushi aka cusa ɗayan. Ni aikina hawa rufi da share kashin tsuntsaye da na ɓeraye, sai yanka tsohon gidan sauro da aka ɗaure a bakin tankin. Babu zazzaɓin cizon sauro irin namu a Kiribati, amma akwai zazzaɓin dengue, kuma sauronta a ruwa mai tsabta yake ƙwai.

Da aka gama na shiga ɗaki na ɗauko kuɗi. Allah ya taimake ni na dubi fuskar dattijon kafin in miƙa, na mayar da su aljihu. Na dafa shinkafa da miyar kifin tuna, na zuba yajin da na zo da shi daga gida, samarin suka ci suna hawaye suna ƙari. Kafin su tafi dattijon ya nuna mini inda zan zare bututun. Ya ce ruwan farko ba naka ba ne, na rufi ne, ka bar shi ya wanke kwano ya zube, sai ka ƙirga kamar tsawon shan taba ɗaya sannan ka mayar. Da yamma na tura keken gidansu da kaina.

Saura ruwan sama, wanda ba ya cikin jirgi kuma ba a yi masa bubuti. Azumi ya kama a ƙarshen Maris. Tsibirin na kusa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, rana na fitowa ta faɗi kusan lokaci ɗaya duk shekara, saboda haka azumin bai da tsawo, amma zafin mai ɗanshi ne, rigarka ba ta bushewa. Tarawa na gaban Najeriya da awa goma sha ɗaya, in na zauna buɗa baki da ruwan kwakwa, maiɗakina a Kano tana shirya yara makaranta, ita da sauran wuni guda a gabanta. Kullum sai ta tambaya, "Malam, an yi ruwan?" Gajimare kan taru a kan teku, baƙi ƙirin, ka ga ruwa na zuba can nesa a kan ruwa, ya wuce mu. Sau biyu aka yi yayyafin da bai ko jiƙa kwano ba.

A goman ƙarshe ne, wajen ƙarfe biyu na dare, na farka da ƙara kamar ana zazzage tsakuwa a rufin. Na yi kwance ina jin daɗi, can na tuna ban zare bututun ba. Na fita da gajeren wando a guje, na tarar babban ɗan dattijon ya riga ni, yana tsaye cikin ruwan riƙe da bututun a hannu, baƙin ruwan rufi na zuba a ƙafarsa. Unguwar duk ta tashi, mata na jera tukwane da bahuna da kwanonin wanki a ƙarƙashin kowane bakin rufi, yara tsirara na ihu. Muka tsaya ni da shi, ba mai taba a cikinmu, muka kintata, muka mayar. Na manna kunnena a jikin tankin ina jin sautin na sauyawa daga na ganga zuwa wani abu mai nauyi. Da asuba na ƙwanƙwasa, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, gindin kuma a bushe, ɗinkin ya riƙe. Na tafasa, na tace, na yi sahur da shi. Daga baya shekarar ta juya, El Niño, kishiyar La Niña, ya shigo, ruwa ya yi ta zuba har tankin na ambaliya, na koma kukan rigunan da suka yi fumfuna.

Kayan ofis sun iso a watan Yuni: indararon roba fari sabo fil, gwiwa huɗu, gam gwangwani ɗaya da bai daskare ba. Na sa hannu na karɓa, na jingine su a bayan ƙofa, ina cewa sai an yi hutu in sauya na kwanon. Ba su yi mako ba, ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci, sai ga wata tsohuwa daga can ƙarshen layinmu, wadda ban taɓa magana da ita ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta tambayi lafiyar iyalina, ta yaba tsabtar tsakar gidan, idonta na kan abin da ke bayan ƙofar. Can ta gyara zama ta ce, "I bubutiko."

Na ɗaga mata gira.